Yadda Kawu Ya Yi Ta Samun Sauƙi a Waya

Abin da na fara gani da muka shiga ofishin shi ne an shimfiɗa wa wayar tarho farin ƙyallen saƙa, tana zaune ita kaɗai a kan tebur, mutane kuwa duk suna tsaye. Ina firamare lokacin, ba a daɗe da ba mu jihar Katsina ba, kuma ban taɓa ganin waya ba sai a littafi.

Ciwon Kawu ne ya kawo mu Dutsin-Ma. Tela ne a Kurfi. Ya faɗi a babur ya karye a cinya, aka yi ta ba shi maganin kashe zafi mai kodin. Ƙashi ya haɗe, shi kuma ya kasa rabuwa da maganin. Da ƙwayar ta yi wuyar samu ya koma maganin tari na kwalba, har ya zama yana gyangyaɗi a kan keken ɗinki. Wani ango ya karɓi rigarsa ya tarar an ɗinke wuyan ruf.

Aka kai shi asibiti Katsina, ya kwanta har maganin ya sake shi. Da za a sallame shi, likita ya ce ba sai ya riƙa dawowa ba. Duk ranar kasuwar Dutsin-Ma ya buga waya ya faɗi gaskiya: ya sha ko bai sha ba, yana barci ko ba ya yi. Ya kuma gargaɗe shi cewa jikin da ya huta ba ya ɗaukar abin da ya saba ɗauka, in ya koma yana iya kwanciya bai tashi ba.

Muna hutun makaranta, sai Kaka ta haɗa shi da ni, wai ba ni da baki amma ina da ido.

Surukin Kawu, wani Alhaji mai sayar da hatsi, shi ya nemo alfarmar wayar a wani ofishi da ke garin. Saboda haka shi ke fara karɓa. Mai kula da ita, wani Kirista ɗan kudu da kowa ke ce wa Oga, zai juya lambobi ya miƙa masa, Alhaji ya gyara babbar riga ya gaida likita da gajiya, da iyali, da ruwa, ya ba shi labarin farashin gero. Sannan Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya ɗan rusuna wa tebur, ya sake gaisuwar daga farko.

Kafin nan ɗakin ya cika, don labari ya zaga kasuwa cewa ana ganin likita kyauta. Akwai wani manomi daga Dabawa da ba ya fashi, kullum yana roƙon a faɗa wa likita gwiwarsa, har yana naɗe wando yana nuna wa wayar. Wata tsohuwa daga Shema kuma so take a tambaya mata ko an ga ɗanta a Katsina.

In likita ya zo kan tambayar, ina ganewa, don kunnen Kawu yakan yi gumi. Kowa ya kasa kunne, Alhaji ya matso.

"Da sauƙi, likita," in ji Kawu. "Alhamdu lillahi, da sauƙi sosai."

Ɗaki ya ɗauki hamdala. To me zai ce? Mutumin da ko ruwa ba ya iya sha a gaban surukinsa, shi ne zai ce ya shanye kwalba? Yanzu da kowa ke da waya a aljihu, mai irin wannan ciwo yana iya zagayawa bayan ɗaki ya yi wa likitansa kuka. Kawu kuwa da rabin kasuwa yake ganin nasa.

Da mun fito sai ya aike ni sayen rake. Ina tsaye wurin mai rake nake hango shi ya bi ta bayan kemis, ya dawo aljihunsa na dama ya rinjayi na hagu.

A Kurfi kuwa waya ta yi suna. Aka ce magani ke biyo igiyar ya shiga ta kunne. Kaka ta yi sadakar waina, Alhaji ya fara cewa shi ya warkar da yaron.

Wata rana muna dawowa a kiya-kiya Kawu ya jingina kai da taga. Muka iso Kurfi bai motsa ba. Na ga leɓɓansa sun yi duhu, numfashinsa sai an jira shi. Fasinjoji suka ce gajiyar waya ce, magana da Katsina ba wasa ba. Sai da direba ya juye masa buta guda ya buɗe ido.

A hanyar gida ya ce kada in faɗa wa Kaka. Sai na tambaye shi me ya sa ba zai faɗa wa likita ba.

"A gaban Alhaji, 'yar boko?" in ji shi.

Ranar kasuwa ta gaba, Kawu na waje yana jiran surukinsa, na shige ofis ni kaɗai. Oga yana cin gyaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na yi magana, ya ce bai ji ba, in ɗaga murya. Na sake faɗa da ƙarfi.

"Oga, don Allah in likita ya ɗauka, ka ce yau wayar ba ta son taro. Ka fitar da kowa, har Alhaji, har ni, ka ja masa ƙofa."