Burodin Ayaba a Tukunyar Yashi

Ni kaɗai ce yarinya a gidan Dada. Na fara da wannan ne domin duk wanda na ji yana labarin tatsuniyar kakarsa, sai ya ce sun yi da'ira, ana ture-ture ana dariya. Mu ba da'ira. Ni ce, ita ce, sai murhu. Uwata ta rasu ina goye, ubana ya bi shanun wani attajiri kudu bai sake waiwayowa ba, aka ajiye ni wurin mahaifiyarsa a bayan garin Sunkani, cikin gida mai bukka biyu da dangar karan da akuyar maƙwabta ta fi mu sanin ƙofofinta.

Dada Bafulatana ce da shanu suka ƙare mata. Ciwo ya shiga garken mijinta ya share shi tas, shi ma mijin bai daɗe ba ya bi bayansu. Wanda bai san Fulani ba zai ce talauci ne kawai. Ya wuce nan. Matar da ta tashi tana miƙa wa baƙo ƙwaryar nono, ran da ta rasa abin miƙawa kamar an kwance mata zane ne a tsakiyar kasuwa. Ƙorenta na nan jere a kan gado, wankakku, a kife. Ƙwai kuwa, ko kaji sun saka ba a ba yaro, wai mai cin ƙwai ɓarawo yake zama. Na girma ban san ɗanɗanonsa ba, kuma hakan bai hana ni satar gyaɗar Dada ba.

Abin da muke da shi ayaba ce. Ran kasuwa in an fara watsewa, masu ayaba kan bar wadda ta yi baƙi ta fara tsiyaya, ba mai saye. Dada ba ta roƙo. Takan tsaya kusa tana gyara ɗaurin kallabi, har wata ta ce, "Dada, ɗauke mana wannan kar ƙuda ya cinye mu." Sai ta ɗauka kamar alfarma ta yi musu.

Bayan magariba, in an kwashe tuwo wuta ta kwanta, sai ta zuba yashi a gindin tsohuwar tukunya ta ɗora kan garwashi. Ta ɓare ayabar ta dame da hannu, ta zuba garin masara mai laushi da ɗan na alkama in an samu, da man gyaɗa, da ruwan tsamiya, da ɗan ruwan kanwa. Da zarar tsamiya ta gamu da kanwa sai ƙullun ya yi kumfa ya ɗago. Ta shimfiɗa ganyen ayaba a kwano, ta juye, ta dasa kwanon cikin yashi, ta rufe, ta ɗebi garwashi ta ɗora a kan murfi. Ba ta taɓa rufe tukunyar nan ba ba tare da ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Da akwai man shanu, ɓingel, da kin ji abu." Ɓingel yaro ke nan a Fulatanci, kuma shi ne sunana a bakinta har na yi aure.

Doka ɗaya ce: ba a buɗe tukunya sai ya gasu. Ni kuwa hannuna ba ya zama wuri guda. Don ta riƙe ni ne take kawo tatsuniya.

"Tatsuniya ta iso. Wa zai ba ta tabarma?"

"Ta zauna mu ji ta."

"Ban ji ba. Yaran gidan nan sun mutu ne?"

Sai in ɗaga murya in yi ihu kamar mu da yawa ne, har karen maƙwabta ya amsa.

Tana da tatsuniyoyi barkatai, amma ran gashin ayaba guda ɗaya take yi. Wai wata mata ce a ƙarshen ruga, nonon saniyarta ya ƙafe, shaho ya kwashe mata kaji. Wata rana da yamma ta hango baƙo ya nufo gidanta da sanda a kafaɗa, ita kuwa ba ta da nonon da zai jiƙa bakin ƙwarya. Kunya ta kama ta, ta shige ɗaki ta ja ƙyaure. Baƙo ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru. Maimakon ya wuce, sai ya nemi gindin bishiya ya zauna. Can yunwa ta fara cin matar a ciki. Ba damar daka, turmi zai tona ta. Ba damar hura wuta, hayaƙi zai tona ta. Sai ta dame ruɓaɓɓiyar ayaba da hannu, tunda ayaba ba ta ƙara, ta haɗa da gari, ta binne kwanon cikin toka mai zafi. Duk dabararta ta manta ƙamshi ba ya jin "yi shiru".

A nan Dada kan kumbura kumatu ta yi muryar baƙo: "Ikon Allah! Gida ba kowa, ga shi yana gashi da kansa."

Matar ta ji shi sarai. Ta ce a ranta, bari ya gasu tukuna. Ya gasu, ta ce bari ya huce. Ya huce, ta zauna tana kallonsa, tana cewa wannan baƙin abu ne za a miƙa wa baƙo, ko mai babu a kansa? Da ta gaji da shawara ta buɗe ƙyaure, ba kowa. Sai gurbin zamansa a ƙasa, da sauran ɗumi.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Tatsuniya ta naɗe tabarmarta."

"To wane ne baƙon?"

"Ina zan sani? Ni ma a ɗaki nake."

"Wallahi wawuya ce matar nan!"

"Ke dai bakinki zai kai ki inda ƙafarki ba za ta dawo da ke ba. Kawo tsinke."

Sai ta soka tsinken tsintsiya a tsakiya, in ya fito a bushe ta sauke. Mu ci da zafinsa muna hura yatsu.

Dada ta daɗe da rasuwa. Aure ya kawo ni Jalingo, unguwar Sintali, nan na haihu, nan na binne miji, nan nake zaune ni kaɗai a gidan da aka gina don mutane da yawa. Karatu sai da na yi furfura na koye shi, a ajin manya, ina cusa gwiwoyina ƙarƙashin bencin yara. Da shi nake rubuta wannan, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

'Yata Abu tana Abuja da mijinta. 'Yarta sunana aka sa mata, suna kiranta Ummi. Tun tana jaririya likitoci suka ce jikinta ba ya karɓar madara da ƙwai. Da farko na ce tsirfar 'yan birni ce, har Abu ta nuna mini hotonta a gadon asibiti, fuska kamar an hura, numfashi da roba. Na rufe bakina, abin da ba na yawan yi. Tun daga nan duk zuwan da za su yi, da kular abincinta suke zuwa, da cokalinta, da kofinta. Yarinyar nan ta yi wayo, ta shiga makaranta, ba ta taɓa cin loma ɗaya daga tukunyata ba. Jikar da ba ta ci daga hannunki ba, baƙuwa ce mai kama da ke.

Bana aka yi biki a dangin mijin Abu a unguwar Turaki. Ta bugo ta ce za su leƙo ni bayan la'asar ran wunin biki, washegari su koma. Na ce wannan karon takwarata za ta ci abin hannuna, ko ana so ko ba a so. Ai ina da abin da ba nono ba ƙwai tun kafin a haifi likitocinsu.

Na sayi ayabar Mambila na bar ta a kwando har ta yi baƙi. Na ɗebo yashi a rafin Mayo Gwoi na wanke na shanya. Ledar fulawa da ta sukari na bi su da yatsa harafi harafi, ina neman kalmomin Turancin nan biyu da na haddace, ta madara da ta ƙwai. Babu. Sannan na tare wata Bafulatana mai tallan nono na ce ta kawo mini man shanu mafi kyau da take da shi. Ta kawo, rawaya jawur, ƙamshi tun daga ƙofa. Na shafe gwangwanin gashi da shi, ban yi rowa ba, ina shafawa ina cewa, "Dada, ga shi dai an samu."

Burodin ya tashi da kyau, gefensa ya yi ja. Suna shigowa Ummi ta ɗaga hanci.

"Kaka, mene ne yake ƙamshi?"

"Naki ne, takwara. Zo nan."

Abu ta riƙe mata kafaɗa. "Inna, me da me kika sa?"

Na lissafa mata.

"Ba madara?"

"Kin ga saniya ɗaure a gidan nan?"

"Ƙwai fa?"

"Ni da ban san ƙwai ba sai bayan na haife ki?"

Ta yi dariya. Ta gutsura, ta nufi bakin yarinyar, yarinyar ta buɗe baki. Sai ta tsaya, ta kai gutsuren hancinta.

"Inna, me kika shafa wa gwangwanin?"

"Man shanu mana. Na gaske, ba irin naku na kanti ba."

Ta janye hannu kamar ta taɓa wuta. "Inna, man shanu ai nono ne."

"Nono nono ne, mai mai ne. Tun da nake ban ga an dama fura da man shanu ba."

"To daga ina ake fitar da shi?"

Na dubi gwangwanin. Na sani, ko jaririn Bafulatani ya sani. Amma a wurinmu da zarar an kaɗa nono mai ya rabu, sai ya zama wani abu dabam, mai suna dabam da ƙwarya dabam, abin karrama baƙo. Na duba rubutun Bature harafi harafi, na bar abin gidanmu ya wuce ta gabana.

Ummi ta fara kuka, uwarta ta ciro mata biskit daga jaka. Da Abu ta yi mini faɗa da na samu abin ramawa. Sai cewa ta yi, "Ba komai, Inna, kin yi ƙoƙari," irin yadda ake ce wa yaron da ya faɗi jarrabawa. Ba su kai magariba ba suka tafi.

Na zauna da burodin a gabana. Raina yana cewa ki bar su, su da kularsu, kin yi abin kunya sau ɗaya ya isa. Na daɗe ina jin maganar nan, kuma ta yi mini daɗi. Sai na ga akwai sauran ayaba a kwando. Na tashi na sayo sabon gwangwani a shagon bakin titi, na roƙi ganyen ayaba wurin maƙwabciyata Bamumuya, na wanke hannu da sabulu har gwiwa. Na sake haɗawa, na rufe tukunya, na zauna gadinta. Ba wanda zan riƙe da tatsuniya, ba wanda zai riƙe ni.

Da safe na hau keke napep zuwa Turaki. Na tarar ana ɗora kaya a mota, surukan Abu cike da ƙofar gida, mata da lalle da sababbin atamfofi. Ni da mayafin cefane da ƙunshin ganye. Ban jira an gama gaisuwa ba.

"Fulawa, ayaba, sukari, man gyaɗa, tsamiya, kanwa. Sabon gwangwani, ganyen ayaba. Ko inuwar saniya ba ta gitta ta kansa ba."

Wata tsohuwa ta ce, "Hajiya, sallama dai tukuna." Na ce, "Tana tafe."

Abu ta karɓa da hannu biyu, ta kwance, ta sansana, ta ci. Ta daɗe tana taunawa. Sannan ta ce a hankali, "Inna, hanya da nisa, kuma ba asibiti kusa. Sai mun isa gida zan ba ta." Gaskiyarta ce. Ummi ta ɗaga mini hannu ta gilashi, motar ta juya kwana.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Dada gargaɗi ce: buɗe ƙofa da abin da kike da shi kafin baƙo ya tashi. Da na girma na gane kanta take ba ni labari, ita da ƙorenta na kife. Yanzu kuma ban san me zan ce ba. Ni na buɗe, na ma bi baƙon har bakin mota, kuma na dawo gida ni kaɗai kamar matar ruga. Wataƙila ba darasi take koya mini ba. Wataƙila mutum take so ya zauna kusa da ita kafin abin ya gasu, ni ce kuma wadda Allah ya bar mata.

Washegari da yamma Abu ta bugo. Ta ce Ummi ta ci, ta ƙara, lafiya lau, ta fita wasa.

Na ce, "Yaya ta ci?"

"Inna, ci kawai ta yi."

"Ki faɗa mini dai. Ta gefe ta fara ko ta tsakiya?"

Ta ɗan yi tunani. Ta ce ta tsakiya ta ƙwaƙule da yatsa, ta bar ɓawon a faranti.

Na ce to. Na ce ta sake faɗa mini, a hankali.