Yajin aiki a kicin ɗin Umma

"Allah ya isa tsakaninsu da kai, azzalumi!" Umma ce ke nuna talabijin da ludayi.

Wani tsohon fim ɗin Italiya ne malaminmu na kwaleji ya ce mu kalla. Ma'aikatan masana'anta suna ta haɗa motoci ba hutu, maigida yana ofishinsa na sama yana kaɗa ƙafa. Ni ke fassara wa Umma. Da ma'aikatan suka ajiye aiki suka fito titi, har guɗa ta rangaɗa.

Ni da ƙanwata Fa'iza muka kalli juna. Duk Asabar mu ke gaban tanda muna suyar masar da Umma ke sayar wa mutanen unguwarmu ta Grand Concourse, ko ƙofar gida ba ma leƙawa.

Asabar na zuwa muka harɗe hannu a ƙofar kicin. Na ce, "Umma, mun shiga yajin aiki."

Ta dube mu, ta leƙa falo inda Abba ya miƙe ƙafa yana kallon ƙwallo yana jiran shayi. Sai ta kashe murhu ta zo ta tsaya a gefenmu.

"Ku matsa min. Au, ni kuka ɗauka maigidan? Ai na riga ku shiga wannan kamfani."

Ga ƙullu yana ta tashi, ga masu oda suna ta kiran waya. Ranar Abba ya koyi juya masa, yana ƙona yatsa yana tambayar wanda ya kawo masa fim ɗin nan gida.

Ku a gidanku waye ke zaune a ofishin sama? Ku faɗa, ko da yana karantawa.