Izinin Inna a Bakin Kogin Danub

Mu uku muka yi tafiyar, ƙawaye tun zamanin makarantar horon malamai: ni daga Dutsin-Ma, ɗaya daga Kuki, sai Hajiyar Barkiya ta ƙasar Kurfi. Duk mun yi ritaya, sai 'ya'yanmu suka haɗa kai suka ce mu je Turai mu huta a cikin jirgin ruwa. Na ce hutu a kan ruwa kuma? To, Allah ya sa mu ga alheri.

Ni a zatona na san ruwa, tunda na sha zuwa dam ɗin Zobe. Ashe ban san komai ba. Da mota ta sauke mu a bakin kogin Danub, a birnin Budafest, bayan la'asar, sai na tsaya ina kallo. Ruwa ne shimfiɗe yana tafiya a hankali, ba ƙara ba kumfa, ya raba gari biyu, ga gadoji sun ratsa ta kansa, ga manyan gine-gine jere a gaɓa. Jirgin kuwa fari ne tas, ya fi jerin azuzuwan makarantarmu tsawo. Aka ce mana rani da damina kogin nan yana gudana. Subhanallahi kawai nake maimaitawa. Mu da rafinmu kaka na wucewa sai yashi, mata su duƙa suna tono da ƙwarya!

Ma'aikata suka kwashi akwatunanmu. Ni da 'yar Kuki muka taka 'yar gadar da ake bi a shiga jirgin, na waiga, sai na ga Hajiyar Barkiya tsaye a ƙasa ta ƙanƙame jakarta.

"Hajiya, taho mana."

"Ba zan shiga ba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na sauko na ce, "Haba Hajiya! Mun keto duniya a jirgin sama ko gezau ba ki yi ba, sai yanzu za ki kunyata mu a gaban Turawa?"

Ta ce ba tsoro ba ne. Tana ƙarama ruwan damina ya tafi da mahaifinta, wanda suke kira Baffa, a rafin bayan garinsu, yana ƙetarar da shanu. A ranar ne Inna, mahaifiyarta, ta tara 'ya'yanta ta ce duk wanda ya hau ruwa a cikinsu ba ta yafe ba. Da za mu taho, Turai kawai ta ce wa tsohuwar, ba ta ambaci kogi ba. Ta ɗauka in ta zo zuciyarta za ta bar ta. Ga shi ƙafa ta ƙi ɗaguwa.

Hajiya na da jikoki, amma maganar uwa ba ta tsufa, ni ma na sani. Wata Baturiya ma'aikaciyar jirgin ta matso tana murmushi tana nuna mana agogo. Ta yaya zan fahimtar da ita cewa wannan mai furfurar izinin uwarta take jira?

'Yar Kuki ta ce, "Ku bar tsayuwa, a kira Inna."

Barkiya ba kullum waya ke shiga ba, sai da na haɗa da addu'a. Allah ya taimake mu, matar ƙanen Hajiya ta ɗauka, kiran bidiyo ne, ta kai wa tsohuwar. Muka gan ta zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Hajiya ta durƙusa nan kan dutsen gaɓar, kamar a gabanta take, ta faɗi gaskiya duka.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Nuna mani ruwan."

Hajiya ta juya wayar. Tsohuwa ta kawo fuska dab da gilashin, ta ƙura wa ruwan ido ba ko motsi, har na zaci wayar ce ta tsaya.

"Duk wannan ruwa ne?"

"Ruwa ne, Inna."

"Ikon Allah. Ina ƙarshenshi? Kuma ba wanda ya kawo dabbobi su sha?"

Dariya ta kuɓuce mini, hawaye na zuba. Jirgin ya yi ƙugi, Baturiyar ta sake duban agogo.

Inna ta ce, "Wanda ya ɗauki Baffanku ja ne, yana ruri. Wannan kwance yake. Tashi, ɗiyata. Na yafe maki duniya da lahira. Shiga da bismilla."

Muka riƙe ta hagu da dama muka shiga, aka janye gadar a bayanmu. Muka hau can saman jirgin, gari ya fara ja da baya a hankali, rana ta yi ja a kan ruwa. Hajiya ta ce, "To Inna, sai mun yi waya."

"Kada ki kashe," in ji tsohuwar. "Ɗaga ni sama in gani. Ku tafi da ni."

Hajiya ta ɗaga wayar da hannu biyu. Da hannunta ya gaji, na karɓa.