Alhaji Abakar Ya Ƙi Musu a Gaban Ƙali

Jama'a, kotu ta karɓi ƙarar Baba Idi! Halas, shi ke nan, za a saurare shi! Wallahi wannan zaman ba zai fita raina ba, bari in ba ku tun daga farko.

Ga waɗanda ba su sani ba, ina shekarar ƙarshe a karatun shari'a, kuma ina tadrib, wato koyon aiki, a ofishin wani lauya a nan Jidda. Ustaz muke ce masa. Baba Idi dattijo ne ɗan unguwar Nuzla, nan aka haife shi. Shi da amininsa Alhaji Abakar suka buɗe warsha, wato wurin ƙera tagogin alminiyam, a Madinar Masana'antu. Da suka ɓata, Alhaji ya canza makulli, Baba Idi ya rasa rabinsa na warshar da ya tsufa a cikinta.

Yarjejeniyarsu ta ce in an samu saɓani a je tahkim. Tahkim shi ne ku zaɓi mai raba gardama a wajen kotu, ya yanke muku hukunci. An je, an ja zama, Baba Idi ya ci. Sai kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, wai wakilin da ya sa hannu a sharaɗin tahkim ɗin ba a ba shi wannan ikon ba. Saura kotun kasuwanci ke nan.

Baba Idi fa? Ya koma gida ya zauna, wai manyan unguwa na sasanci. Ranar da ya shigo ofis Ustaz ya ce, "Ya ammi, ina ka shiga duk wannan lokaci?"

"Ai an soke ne, ɗana. Abin da aka soke ba sabo yake komawa ba?"

Ina! Ƙa'idar ita ce, in shekara biyar ta wuce daga ranar da hakki ya tabbata, kotun ba ta jin ƙarar, sai in wanda ake ƙara ya amsa hakkin da bakinsa, ko ka kawo uzurin da ƙali, wato alƙali, ya yarda da shi. Ustaz ya shirya hujjar cewa kada a lissafa lokacin zaman tahkim cikin shekara biyar ɗin, amma ya faɗa mini bai da tabbas, don jiran manyan ma kaɗai ya ci lokaci ba kaɗan ba.

Zaman ta bidiyo aka yi. Ni na kunna wa Baba Idi kwamfuta. Kafin ƙali ya shigo, fuskar Alhaji ta fito, sai dattijon nan ya manta shari'a ake: "Abakar, ina takwarana?" Ashe babban ɗan Alhaji sunansa Idi. Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, "Yana gaida ka."

Lauyan Alhaji ya zuba bayani cewa lokaci ya wuce. Ƙali ya juya ga Alhaji ya ce, "Kai kana musun yana da rabi a warshar?"

Ina kallon lauyan yana ta ƙifta ido.

"Ya shaikh, ni ban ce ba shi da shi ba. Rabinsa ne, Allah na gani. Ni dai an ce mini lokaci ya wuce."

Lauyan ya dafe kai! Ƙali ya sa a rubuta amsar, ya ce za a shiga asalin ƙara. Ustaz ko murmushi bai yi ba sai da aka kashe kyamara, sannan ya ce mini, "Ke, kar ki ɗauka gwaninta ce. Mutumin ne ya ji nauyi. Da ya musa, da wataƙila mun tafi gida."

Abin da na koya ke nan. Hakki ba ya mutuwa, amma ƙofar kotu tana rufuwa, kuma zaman manya ba ya tare ta. A yi sasancin, amma a ga lauya ranar da aka soke hukunci. Baba Idi da za shi fita tambaya ɗaya ya yi mini, wai ya halatta ya je sunan jikan Alhaji ranar Juma'a? Ustaz ya ce yalla, je ka.

Don Allah ku tura wa iyayenmu na unguwannin Nuzla da Mahjar, ba kowane abokin shari'a ne zai ji kunya ba.