Canjin da Ya Jira Sa Hannun Ya Fanna

Da hantsin Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, muna zaune a ofishinmu na Azare, abokiyar aikinmu Radiyya ta ajiye waya ta ce Ya Fanna ta cika, bayan jinyar kwana uku kacal. Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Na ji maganar sarai, amma idona yana kan kujerarki, Ya Fanna, ina ganin kamar alwala kika fita.

Mu biyar ne muke rubuta manhajar da ma'aikatan rigakafi ke shigar da sunayen jarirai a ƙauyukan Katagum. Kowa da ɓangarensa, amma rumbun bayanan ɗaya ne, kuma tsarinsa a hannunki yake. Ba mai ƙara gurbi, ba mai cirewa, sai ya rubuta dalili kin karanta kin sa hannu. Da kanmu muka ɗaure manhajar haka: in babu sa hannunki, canji ba ya wucewa. Ga shi kin tafi kin bar canjin Radiyya yana jiranki, wanda in bai wuce ba, ƙauyuka goma na wajen Itas ba za su shiga rigakafin Litinin ba.

Kullum da safe sai kin bi mu ɗaya bayan ɗaya kina tambayar wanda zai taɓa rumbu yau, don kada aikin wani ya rushe na wani. Ni da Allah Ya zuba wa gaggawa, na sha kiranki Kwastan a bayan idonki. Ashe kin sani. Sai kawai kika fara cewa in kawo kayana a duba.

Bara na kawo miki canjin cire gurbin da kika kira "sunan gida". Na ce cunkoso ne, ga sunan yanka, me za a yi da wani? Ba ki yi musu da ni ba, kika ce in hau babur in je Chinade ranar rigakafi. A can aka tambayi wata mai jego sunan ɗanta, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zaninta. Ɗan fari ne, ko za a wuni ba za ta faɗa ba. Lakabin da kakarsa ke kiransa da shi kaɗai ta iya furtawa. Ma'aikaciyar rigakafin ta buga shi a gurbin nan, bayanan yaron suka fito, aka ɗiga masa maganinsa. Na dawo da kunya fal cikina, abin da kika ce kawai shi ne: "Abbas, kafin ka cire abu, je ka ga mai amfani da shi."

Tun tafiyarki, in azahar ta yi, fanka na juyawa a hankali, sai hankalina ya yi nisa. Ina ganin layukan rumbun nan sun zama kunyoyin gero, kina tafe a tsakaninsu da mayafinki ruwan ƙasa, ƙamshin turaren wutarku na Barno yana biye da ke, kina kiran jariran kowa da sunan da uwarsa ke kiransa. Ba kya sauri. Dama ba ki taɓa yi ba.

Hanya ɗaya ce ta rage: a cire sunanki daga manhajar a sa na wani, abokan aiki kuma suka ce in sa nawa. Kwana uku ina buɗe shafin ina rufewa, har Radiyya ta ce mini, idonta jajur, jarirai ba za su jira in gama makoki ba. Jiya da safe na yi. Manhajar ta nemi dalilin canji, kamar yadda kika koya mata, na rubuta cewa Allah Ya yi miki rasuwa. Ban taɓa rubuta layin da ya yi mini nauyi irin wannan ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Malam Umara, da 'yarki Humaira, da dukkan dangi na Azare da na Barno. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa kowane jaririn da aka samu ta hanyar aikinki ya zame miki ladan da ba ya yankewa. Na sa wa canjin Radiyya hannu, ƙauyukan Itas sun shiga, Ya Fanna, gobe za a je musu. Ki yafe mini, da hannuna na cire sunanki.