Bahon Wanki a Ɗakin Kwamfutoci

Mai Sanyi ake ce masa a cibiyar binciken sararin samaniya. A shagon kawunsa ya koyi gyaran firji tun yana saurayi, daga nan ya koma kan na'urar sanyaya ɗaki. Yanzu furfura ta fara fito masa, aikinsa kuwa guda ne: kada ɗakin kwamfutoci ya ɗau zafi.

A ɗakin akwai wata baƙar kwamfuta a cikin wata kanta, daidai ƙarƙashin na'urar. Ta Dakta ce, mai binciken duniyar wata. Ta taɓa yi masa bayani: wani kumbo da ke zagaya wata yana auna hasken da ke tasowa daga tokar tsofaffin duwatsu masu aman wuta, a cikin hasken take neman alamar ruwan da ya maƙale a wasu ƙwayoyi masu kama da gilashi. Lissafin ya ci watanni, bai ƙare ba, ba ta kuma kwafe shi ko'ina ba.

"Ke kina neman ruwa a sama, Dakta, ni ina korarsa a ƙasa," ya ce mata ranar.

Wata Litinin da safe ya buɗe ƙofa, sai ya ji ɗis, ɗis. Bututun fitar da ruwan na'urar ya toshe a ƙarshen mako, ruwa na ɗiga saitin kantar. Shi ke kula da bututun nan. In ruwa ya shiga kwamfutar, aikin Dakta ya tafi, nasa ma ya bi.

Ya matsa a hankali, sai ga koren baho a saman kantar, cike taf. Bahon wankin matarsa ne. Ran Juma'a ya zo da shi ya wanke ragar na'urar, ya manta shi a nan. Duk ƙarshen makon mitarsa take yi masa. A ƙasa kuwa fitilar kwamfutar na ƙiftawa, ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Ya kashe na'urar, ya sauke bahon kamar mai ɗaukar jariri. A haka Dakta ta same shi. Ta dubi bahon, ta dubi bango, ta zauna daɓas a kujera.

"Malam Mai Sanyi, wa ya sa wannan a nan?"

"Mantuwa ce, ranki ya daɗe."

"To Allah ya ƙara maka irinta." Ta jawo waya ta jona wa kwamfutar, nan take ta fara kwafe aikin.

Da ya gama zuƙe bututun, ya kira gida.

"Maman yara, an ga bahonki."

"A ina?"

"Ya je taimaka wa masu neman ruwa a wata."

"To ka ce musu su sako mini shi, kayan makarantar yara na nan jibge."

Da yamma ya ɗaure shi a bayan babur, ya ja igiyar sosai.