Alamar da Ntate Khoabane Bai Ƙarasa Ba

"Kafin Ista ƙarfen zai iso, Ntate. In bai iso ba, ni da kaina zan ɗauko shi a ka daga birnin Maseru."

Haka Ntate Ramaili, wato Baba Ramaili, shugaban kwamitin makarantarmu ta 'yan mata, ya faɗa maka a watan Fabrairu, ni ce kuma na rubuta a littafin taro. Ista ta zo ta wuce. Ƙarfen gyaran bututun hayaƙi bai iso ba, kan Ntate Ramaili kuma bai ɗauki komai ba sai hula. Kai kuwa, Ntate Khoabane Letsika, ka rasu ranar Talata, sha shida ga Afrilu, a asibiti, kwana takwas bayan ka faɗo daga rufin ɗakin kwanan yaranmu. Asabar ɗin da ta wuce muka binne ka. Allah Ya jiƙan ka.

A wajen jana'iza an yi ta cewa kai mutum ne mai haƙuri. Ban san wa suke nufi ba. Mutumin da na sani shekara ashirin da biyu bai taɓa haƙuri da bututun hayaƙi mai tsaga ba, ko a gidan wa yake.

A duk kwarin nan na Mokhotlong babu murhun ɗumama ɗaki da ba ka durƙusa a gabansa ba, da guntun madubinka kana leƙa sama. Kai ka koya mana cewa dutsen da muke gani daga waje ado ne, rai yana a shafin ciki, na gasasshiyar laka ko na ƙarfe, wanda ke riƙe hayaƙi har ya fita. In shafin ya fashe, hayaƙin kwal sai ya bi bango ya shiga inda mutane ke kwana, tartsatsi kuma ya nemi katakon rufi. Gwajinka ko yara sun haddace shi: ka kunna ɗanyar ciyawa a murhu, ka hau ka toshe bakin bututun da jiƙaƙƙen buhu, ka sauko ka bi bango da ido. Inda hayaƙi ya ɓullo, magana ta ƙare. Sai ka kwaɓa jar ƙasa da kitse, ka ja layi biyu da suka gitta juna a saman bututun, inda kowa zai hango daga hanya. Gidan da ke da wannan alama ba a hura masa wuta. Ran da ka gama gyara, kai da hannunka kake shafe ta da farar ƙasa. Babu wanda ya rubuta wannan doka, kuma babu wanda ya taɓa karya ta.

Shekarata ta farko a nan, kullum da ciwon kai nake tashi. Abokan aikina suka ce karatu ne ya yi mini yawa. Ka shigo, ka shaƙi iskar ɗakin, ka dubi kyanwata da ke layi a bakin ƙofa, ka ce, "Mme, ita ma wannan littattafan take karantawa?" Kwana uku ka yi kana zare fasassun laka kana jera sababbi, fuskarka baƙi ƙirin da kunkunniya, ba ka yarda ka ci komai ba sai kunun dawa mai tsami. Da ba ka zo ba, da wani ne ya rubuta mini irin wannan takarda.

Na tuna kuma ran da ka ja wa gidan mai gari alama ana saura kwana biyu bikin ɗansa. Ya fito da bargonsa na alfarma yana tambayar ko ka san gidan wa kake ɓatawa. Ka amsa daga kan tsani cewa kai ka sani, hayaƙi ne bai sani ba. A tsakar gida aka yi girkin bikin, duk wanda ya zo kuma ya koma gida da ƙafarsa.

Bututun ɗakin kwanan yaranmu ya ratsa ta tsakiyar bene, inda 'yan mata arba'in da biyu ke kwana. Da ka gwada shi a Fabrairu, ta wuri biyar hayaƙi ya fito, ɗaya daidai kan gadon wata yarinya. Ka ce ya fi ƙarfin faci, sai an zura shafin ƙarfe daga sama har ƙasa. Ka ja alamarka, aka yi maka alkawarin nan.

Bayan Ista aka ce manyan baƙi za su zo daga birni. Ntate Ramaili ya ce hanya ta lalace, babbar mota ba za ta iya kawo ƙarfe ba. Ta wannan hanyar dai aka kawo sabuwar ƙofar makaranta da buhunan farar ƙasa. Ya ɗaga kai ya ga jan layinka, ya ce yana ɓata wa ginin fuska, ya sa aka shafe. Matar da ke kula da ɗakin ta ga fari, ta yi abin da duk 'yar kwarin nan za ta yi: ta ce Ntate Khoabane ya gyara, ta hura wuta. Ba ta yi laifi ba. Da hannunka aka yi mata ƙarya.

Da safiyar Litinin ka hango hayaƙi daga gidanka a ƙetaren kogi. Matarka, Mme Matsepang, ta ce ko takalmi ba ka ɗaure ba ka hau doki. Ka sa aka kashe wutar, aka fito da yara shida masu jiri da amai, sannan ka jingina tsani. Na ce maka raɓa ta daskare a kan kwano, ka bari rana ta ɗaga. Ka ce, "Mme, kafin rana ta ɗaga wani zai sake ganin fari." Layi ɗaya ka ja. A na biyu ƙafarka ta zame.

Ntate Ramaili ya yi jawabi a kan kabarinka, ya kira ka ɗan'uwa, ya share ido da hankici. Shekaranjiya kuma ya aiko mini cewa sanyi ya shigo, a hura wa yara 'yar wuta kaɗan, wai ai kai tsoho ne mai yawan tsoro. Na aika masa da amsa cewa murhun a cike yake. Littattafaina na kwashe na jera a ciki har baki. Mai son wuta sai ya fara da su, a gabana. Yaran suna kwana biyu-biyu a gado da barguna uku, dusar ƙanƙara ta riga ta sauka a kan duwatsu, kuma na san ba za su iya kai Yuni a haka ba.

Mme Matsepang, ke da ɗanku Tsepang da ƙannensa, ku karɓi ta'aziyyata. Allah Ya ba ku ƙarfin zuciya, Ya riƙe gidan. Kai kuma Ntate, Ubangiji Ya gafarta maka, Ya ba ka hutu a wurin da babu sanyi babu hayaƙi, Ya saka maka da kowane numfashi da ka tsare mana.

Saura kai, Ntate Ramaili. Ranar Asabar, ashirin da biyar ga Mayu, iyalin Ntate Khoabane za su yanke baƙin zaren makoki daga wuyansu. Kafin a yanke shi ina son ganin ƙarfen nan a cikin bututun, a mota ya zo ko a kanka. In ba haka ba, washegari Lahadi iyayen yara za su taru bayan sujada a coci. Mme Matsepang ta riga ta ba ni buhunsa da gwangwanin jar ƙasarsa. Zan kwashe littattafaina, in kunna ɗanyar ciyawa, in tsayar da kowace uwa a gefen gadon 'yarta ta ga inda hayaƙi ke fita. Sannan in hau tsanin nan da shekaruna hamsin da ɗaya, in ja layi na biyu. Abin da ya rage a gwangwanin, ƙofar gidanka zan kai shi.

Malikeleli Nthako
Malamar adabi